Sai Masu Gida: zuciyata ta ƙi haƙura da Pillars, amma ina tsoron kai yarona filin wasa

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ku yi haƙuri maganar za ta ɗan yi tsawo, abin ne ya daɗe yana cina a rai, kuma tun ranar wasan ƙwallon da ƙungiyarmu Kano Pillars ta buga da Shooting Stars wlh ko a shago nake sai in ga hankalina ya koma can.

Ni a cikin birni aka haife ni, gidanmu ba nisa da Ƙofar Mata, in ana wasa a filin Sani Abacha daga tsakar gida kana jiyo ihun mutane, har ta kai mahaifiyarmu da ba ta san komai a ƙwallo ba tana gane ihun an ci da ihun an ɓarar. Mahaifina Allah ya jiƙansa shi ya fara riƙe hannuna ya shigar da ni filin nan a 1999 lokacin gasar matasa ta duniya da aka buga wasu wasanninta a Kano, daga nan kuma sai ya zama duk ranar da Pillars ke gida muna can. Bai taɓa zaunar da ni ya ce min ka so Pillars ba, kawai dai kai ni yake yi, ya saya min gyaɗa da ruwa, in an ci ya ɗaga ni sama.

To kun ga irinmu mun ga daɗi. Mun ga 2008 da muka fara ɗaukar kofin firimiyar Najeriya. Mun ga 2009 da muka fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka alhali su ke riƙe da kofin, 1-1 a gida, 2-2 a Alƙahira, a lokacin su Aboutrika suna kan ganiyarsu, ranar garin nan ba wanda ya yi barci da wuri, 'yan acaɓa sai hon suke har dare. Muka fito daga rukunin da ke da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, sai a wasan kusa da na ƙarshe Heartland ta tare mu. Sannan 2012, 2013, 2014 sau uku a jere ba wanda ya karɓe kofin nan a hannunmu. Shekara 12 ba a zo gidanmu an doke mu a lig ba sai da Nasarawa United ta yi a 2015. Ina tuna 2018 a Asaba muna cin Rangers 3-0 a wasan ƙarshe na kofin Aiteo suka farke duka ukun suka cinye mu a fenariti, a gidan kallo na kalla, na fito ban iya ce wa kowa komai ba. Da shekara ta zagayo 2019 ni da abokaina muka haɗa kuɗin mota muka tafi Kaduna, muka ga an doke Niger Tornadoes a fenariti an ɗaga kofin, a hanyar dawowa muryata ta dushe gaba ɗaya.

Sai 2022 ta zo muka faɗa rukunin 'yan dagaji. Ba sai na tuna wa kowa yadda aka yi ba. Alhamdulillahi 2023 aka dawo. Da Ahmed Musa ya sake dawowa a 2024 shi da Shehu Abdullahi, ga Rabi'u Ali Pele har yanzu yana jan yara, sai na ce to ko Allah ya kawo lokacin. Da aka ba Ahmed Musa janar manaja a 2025 kuwa har cewa na yi a raina yanzu an samu wanda ya san yadda ake tafiyar da kulob a Turai kuma ba yunwa ce ta kawo shi ba.

Sai ga abin da ya faru a watan Oktoban 2025. Muna ci ɗaya, Shooting suka farke a mintin ƙarshe, ana tashi mutane suka tsallaka cikin fili suka bi alƙalan wasa da baƙi. Sakamako: an kwashe mana maki 3 da ƙwallo 3, tarar miliyan 9.5, an rufe mana Sani Abacha an ce mu koma Katsina. Maki ɗaya da muka raina ya ja mana asarar uku.

Ga inda abin ya fi taɓa ni. Ina da yaro shekararsa 10, rigar Haaland yake sawa, ya haddace 'yan wasan Man City har na benci amma in ka ce ya kira 'yan Pillars biyar ba zai iya ba. Na daɗe ina lallaɓa shi, ranar wasan Shooting ɗin nan ya yarda zai bi ni har ya sa takalmi, mamansa ta ce ita hankalinta bai kwanta ba a bar shi. Na ji haushi na tafi ni kaɗai. Da hayaniya ta tashi ina neman hanyar fita mutane na turereniya, abin da ke zuwa min kawai shi ne da yanzu yana hannuna fa? Da na dawo gida ban iya haɗa ido da ita ba.

To tambayata gare ku biyu ce. Tsakani da Allah kuna ganin za mu sake ganin irin Pillars ɗin 2012 zuwa 2014 ko dai mu riƙe labari kawai? Na biyu, wanda ya fi damuna, ta yaya zan ba yarona abin da babana ya ba ni in har filin ya zama wurin da uwa ke tsoron ɗanta ya je? Masu 'ya'ya a cikinku ya kuke yi?

Tsohon Ɗan Kallo:

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Jikana ne ya nuna min maganarka na ce ya ba ni wayar, don ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

Ni na girmi Pillars nesa ba kusa ba. Mu Raccah Rovers muka fara bi, wadda ta ci kofin lig na ƙasar nan a 1978, kuma a lokacin da za ka ce min wata rana za a wayi gari babu Raccah da faɗa za mu yi. Ga shi yau yaran yanzu ko sunan ba su sani ba. Ita Pillars a 1990 aka kafa ta, aka haɗa WRECA da Golden Stars da Bank of the North suka zama abu ɗaya, kuma ba da kofi ta fara ba, ta sha wuya, ta faɗi ta tashi kafin ku ku zo ku tarar da daɗi, shekara 18 muka yi muna jira kafin Kadiri Ikhana ya kawo mana na 2008. Don haka faɗuwa ba ta ba ni tsoro, wanda ya faɗi yana tashi in da masu ɗaga shi. Abin da ya ba ni darasi a kan Raccah shi ne kulob ba ranar da aka ci shi yake mutuwa ba, a hankali yake tafiya, yau wannan ya daina zuwa gobe wancan, har a zo a rasa mai tambayar yaushe ne wasa.

Shi ya sa tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina. Kofi zai iya dawowa, Kano ba ta rasa yara masu ƙafa ba kuma ba za ta rasa ba. Amma in ku iyaye kuka daina kai yara, shekara 15 nan gaba wa zai cika wurin?

Kuma bari in faɗa wa matasa wani abu don na ji wasu na cewa wai tsoron da ake ji na zuwa Kano shi ne ƙarfinmu. Eh ana tsoron zuwa Kano, amma me ake tsoro? Tun sha biyun rana fili ya cika, kalangu na tashi, mutum dubu goma sha suna kiran Sai Masu Gida da murya ɗaya, baƙo kafin ya taɓa ƙwallo ƙafarsa ta yi sanyi, ga Gambo Muhammad a gaba ga Pele a bayansa. Wannan shi ne tsoron. Ba zan ce maka a da ba a taɓa jifa ba, an yi, ƙarya ba kyau, amma akwai dattawa a kowane ɓangare na fili da in suka ɗaga hannu yaro zai ajiye dutsen. Yanzu dattawan sun koma gida suna ji a rediyo, ni ma ina cikinsu, kuma ina ganin da laifinmu a nan.

Ku tuna fa yaran nan da kuke cewa don su kuke faɗa, su ne ke shan wahalar hukuncin. A 2015 a hanyarsu ta zuwa Owerri 'yan fashi suka buɗe wa motarsu wuta a wajen Abaji, mutum biyar suka ji rauni har da Gambo. A 2018 Chinedu Udoji ya buga mana wasa da tsohon kulob ɗinsa Enyimba da yamma, da daddare ya rasu a haɗarin mota a cikin garin nan, na ga manya na kuka saboda yaron da ba ɗan garinsu ba ba yarensu ɗaya ba. Mutanen da ke bin titunan ƙasar nan a bas saboda rigarmu, yanzu mun ƙara musu tafiya ko da wasan gida ne.

Kar ka matsa wa yaron, kuma kar ka yi fushi da uwarsa, gaskiyarta. Ka fara kai shi wajen atisaye ya ga 'yan wasan kusa da kusa, yaro in Ahmed Musa ya shafa kansa sau ɗaya ya gama. Allah ya raya maka shi.

Masu Gida Har Abada:

Baba Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma dan Allah a riƙa faɗin ɗaya ɓangaren ma. Kullum magoya baya magoya baya, to su masu busa fa? Ni ina bin tim ɗin nan wasan waje, na je Jos na je Bauchi na je Lafiya da kuɗin aljihuna, abin da ake mana a waje in na faɗa wani zai ce sharri ne, ka ci ƙwallo lafiyayya a ɗaga tuta, a ƙara lokaci a yi ta ƙarawa har sai mai gida ya samu abin da yake nema, kowa a lig ɗin nan ya san cin wasan waje kamar haƙar rijiya da allura ne. To mutum ya tara wannan a cikinsa wata da watanni sannan ya zo gidansa ya ga an farke masa a mintin ƙarshe, ba kowa ke iya riƙe zuciya ba. Ni ban shiga fili ba kuma ban goyi bayan dukan kowa ba Allah shaida ne, amma in ana son a gyara a gyara duka. A nuna kowane wasa a talabijin kowa ya ga abin da ya faru, a biya alƙalai haƙƙinsu a kan lokaci, wanda ya yi ba daidai ba a hukunta shi a fili yadda ake hukunta mu a fili.

Yaya Ɗan Kwari amsar tambayarka ta farko eh za mu dawo insha Allah, ni ban taɓa cire rai ba ko a 2022 da muke buga 'yan dagaji ban fasa zuwa ba.

Bakatsine:

Ɗan'uwa Masu Gida Har Abada na ji ka, kuma abin da ka faɗa a kan wasan waje mu ma Katsina United muna shan irinsa, ba wanda ya tsira. Amma ka bari in tuna maka Afrilun 2022. Wasanku na farko kenan da aka bar ku ku dawo Kano bayan kun daɗe kuna buga gida a Kaduna, da mu kuka buga, ana 0-0 aka shiga fili aka tashi wasan, aka farfasa motar 'yan wasanmu. Me alƙali ya yi ranar? Me direban motar ya yi? Aka cire muku maki 3 aka mayar da ku Abuja, ƙarshen kaka kuka faɗi, mu ma muka faɗi, Arewa maso yamma ta rasa kulob biyu a shekara ɗaya. Da aka zo 2023 kuma tare muka hau a Asaba. Kun ga ashe jirgi ɗaya ya ɗauko mu.

Ba gori nake ba wlh, kakata Bakanuwa ce, kuma duk Bahaushen da ke son ƙwallon gida ya san in Pillars ta yi ƙarfi mu ma ana ganinmu da daraja. Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne abu ɗaya ya faru sau biyu cikin shekara uku da rabi kuma hukunci kusan iri ɗaya, kenan ba a koyi komai ba. Mutanen da ke tsallaka waya ba aljanu ba ne, a unguwa suke, an san su, ga bidiyo a kowace waya. In kulob da ƙungiyar magoya baya suka fitar da mutum goma aka hana su shiga fili na shekaru, sauran za su shiga taitayinsu.

Malam Ɗan Kwari in an ba 'yan kallo dama a filin Karkanda na nan Katsina ka taho da yaron, ka sauka a wurina, tuwo da miyar kuka ba za su gagara ba. Ni da kaina zan zaunar da ku inda ba hayaniya.

Bakano a Ikko:

Ni ta wani ɓangaren zan zo, don shekara 9 kenan ina Legas kuma zaman nan ya sa na ga wasu abubuwa da da ina gida ba zan lura ba.

Wa ya ci firimiya a 2025? Remo Stars. Kulob ɗin mutum ɗaya ne, Kunle Soname, a Ikenne, garin da ko unguwa ɗaya ta Kano ta fi shi mutane. Na je filinsu sau biyu. Ba wani ƙaton fili ba ne amma nasu ne, ciyawa lafiya lau, ga makarantar yara ta Beyond Limits a gefe suna rainon 'yan wasa suna sayarwa Turai kuɗin na dawowa cikin kulob, ga ƙungiyar mata. Kocinsu na lokacin Daniel Ogunmodede sun bar shi ya yi shekaru yana gini, sun zo na biyu sau biyu a jere ba su kore shi ba, a na uku ya ɗauko kofin. Ka faɗa min a wurinmu wane koci ne zai zo na biyu sau biyu a bar shi ya sha ruwa? Ka ƙirga masu horarwar da suka wuce ta Pillars daga 2015 zuwa yau, yatsun hannu ba za su isa ba.

Matsalar kulob ɗin gwamnati kenan, ba Pillars kaɗai ba kusan duk na jihohi haka suke. Kuɗi sai an rubuta takarda an bi ofis ofis, gwamnati ta canja shugabanni su canja, wanda ya zo sai ya fara daga farko da nasa mutanen, ba wanda ke shirin shekara biyar don bai san ko zai kai baɗi ba. A shekarun 2012 zuwa 2014 abin ya yi aiki saboda an samu 'yan wasa da suka daɗe tare, su Afelokhai a raga su Pele su Gambo, ga Baba Ganaru sannan Okey Emordi, amma ko a lokacin ku duba me muka yi a Afirka? AC Leopards ta fitar da mu a 2013, AS Vita a 2014, Moghreb Tetouan a 2015, duk tun kafin a kai rukuni. Enyimba ta ci kofin Afirka a 2003 da 2004, mu har yau 2009 muke ba da labari. Kenan ko lokacin da muke sarauta a gida akwai abin da ya rage.

Abin da ke ƙona min rai shi ne babu kulob a Najeriya da ke da abin da muke da shi, wato mutane. Wasu kulob ɗin ko kyauta suka buɗe ƙofa ba sa cika fili, mu kuwa mutane ke biya su yi layi a rana. Ga Kantin Kwari ga Singa ga Dawanau ga masu kuɗin da Allah ya yi a garin nan, ga miliyoyin Kanawa a Legas da Abuja da Fatakwal da Saudiyya. A ce yau akwai katin zama ɗan kulob da mutum zai riƙa biyan wani abu duk shekara, akwai shagon da za ka sayi rigar asali ka san kuɗin kulob ya shiga, tikiti a waya yadda za a san ko nawa aka samu a geti kuma a san wa ya zauna a ina. Wannan na ƙarshen ma shi ne maganin rigimar da kuke magana, don wanda ya san an san sunansa da kujerarsa ba zai yi jifa ba. Ni nan in na so rigar Pillars sai dai in aika a sayo min ta kasuwa.

Game da Ahmed Musa ina da fata sosai, mutumin da ya ci ƙwallo 18 a lig yana yaro a rigarmu kafin ya tafi VVV Venlo, ya je CSKA Moscow ya je Leicester, ya ci Ajantina biyu ya ci Iceland biyu a kofin duniya, ba abin da zai nema a nan illa suna mai kyau. Tsorona kawai kar a ɗora masa kaya biyu, ga buga wasa ga ofis, sannan a riƙe masa hannu ta baya, in abu ya lalace a ce ai shi ne. In za a ba shi a ba shi gaba ɗaya har da ikon kuɗi da lokaci.

Sai kuma Barau FC da ta hau firimiya a 2025. Wasu na jin haushi ni kuwa murna nake, gari kamar Kano ya wuce a ce kulob ɗaya ne, kuma wataƙila in Pillars ta ga maƙwabci na neman yaran da take ganin nata ne za ta farka. Yara nawa ake gani a gasar Ramat da wasannin unguwanni da ke ɓacewa ba wanda ya bi sawunsu?

Don haka amsata Malam: za a iya dawowa, amma ba da addu'a kaɗai da sayen tsofaffin 'yan wasa duk kaka ba.

Maman Biyu:

Salam. Ni mace ce kuma uwa, bari in tsaya wa maman yaron don na ga kamar ba a ji ta bakin irinmu ba. Malam ba ƙin Pillars take ba, ɗanta take so. Ni kaina a gidan 'yan ƙwallo na tashi, yayyena duk Masu Gida ne, ina son in kai 'yan biyuna amma ina zan zauna? Ina banɗakin da zan kai yaro? In rigima ta tashi ta wace ƙofa zan fita da yara biyu? A ware ɓangare ɗaya na iyali da ƙofarsa daban da masu tsaro, ku ga in mata ba su zo da yara ba, kuma duk inda mata da yara suke ko masu zafin kai suna jin nauyi.

Sannan kuna ta ƙwallon ƙafa kun manta Pillars ba ita kaɗai ba ce. Ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando ta sha cin kofin ƙasa, a 2016 ta zo ta uku a gasar kulob kulob ta Afirka a Alƙahira, ba a yi mata rabin hayaniyar da ake wa 'yan ƙwallon ƙafa ba. Rikicin shugabancin hukumar kwando ta ƙasa da ya taso a 2017 ya kwantar da lig ɗin shekaru, yanzu ga gasar kwando ta Afirka BAL ana nunawa duniya na gani, su Rivers Hoopers da Kwara Falcons ne suka je, mu da muka riga su yin suna muna kallo. Wannan ma yana min ciwo. In ana wasan kwando a rufaffen ɗakin wasa na Ƙofar Mata ka gwada kai shi can, wurin ya fi natsuwa kuma rigar dai sunan Kano ne a jiki.

Ɗan Zongo Kumasi:

Gaisuwa daga Kumasi 'yan'uwa. Ni Asante Kotoko ta Ghana nake bi amma kakanninmu daga Kano suka zo da fataucin goro, don haka 2019 da aka haɗa mu da ku a gasar zakarun Afirka zuciyata rabuwa ta yi biyu, kun ci mu 3-2 a Kano muka ci ku 2-0 a filin Baba Yara na Kumasi, mutanen zango da yawa sun je gaida 'yan wasanku.

Abin da ya sa na sa baki, ku kuna lissafin maki 3 da tara, mu nan mun ga inda hanyar nan take kaiwa. 9 ga Mayu 2001 a filin Accra, ana wasan Hearts of Oak da Kotoko, mutane suka ji haushin busa suka fara jifa da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, ƙofofi a rufe, fiye da mutum 120 suka mutu a turereniya, da yawansu yaran zango ne Musulmi 'yan'uwanmu. Har yau duk shekara ana zaman addu'a. Kuma a Fabrairun 2025 ma an kashe mana mai goyon baya a wasan waje a Nsoatre har aka dakatar da lig. Don Allah ku ɗauki abin da ya faru a matsayin gargaɗi tun ba a ɗauki gawa ba. Maman yaron ta yi daidai ranar, amma ina roƙon Allah ya kawo ranar da ita da kanta za ta ce ku tafi tare.

Ɗan Kwari:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, na karanta kowanne fiye da sau ɗaya. Baba na ji maganarka kuma ta shige ni, musamman zancen dattawa da suka koma rediyo, don ni ma satin nan har na fara cewa na daina zuwa, sai na ga in irina suka daina to wa aka bar wa wurin. Ɗan'uwa na Kumasi wlh jikina ya yi sanyi, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hajiya Maman Biyu na karanta wa mamansa abin da kika rubuta ta ce a gaishe ki, ta ce in an yi ɓangaren iyali ita ma za ta je. Bakatsine na riƙe alƙawarin tuwo.

Mu a layinmu na kasuwa akwai mutum takwas da muke zuwa kallo tare, jiya bayan la'asar na tara su muka yi magana, mun yarda duk ranar da aka buɗe mana fili za mu riƙa zama wuri ɗaya kusa da inda yaran nan ke taruwa, biyu daga cikin waɗanda suka tsallaka ranar ma mun san iyayensu kuma za mu je har gida. Za mu kuma rubuta takarda mu kai wa ƙungiyar magoya baya a kan zancen ɓangaren iyali da tikiti mai lamba.

Shi kuma yaron daren jiya na zaunar da shi na nemo masa bidiyon ƙwallayen Ahmed Musa da Iceland, ya kalla sau uku, da na ce masa wannan mutumin yana nan garin nan kuma rigarmu yake sawa sai ya ce in gaske ne in kai shi ya gani. Na saya masa mai ruwan ɗorawa da kore ɗazu, ta ɗan yi masa yawa. Wanda ya san ranar da suke atisaye a Kano da lokacin dan Allah ya sanar da ni, ko da safe ne zan bar wa yaron shagona kasuwa in kai shi.